What's Going On na Marvin Gaye: wane bugu ne a hannunka, kuma ta yaya za ka ji shi daidai a Legas

Duk wanda ya saba bin masu sayar da tsofaffin faya-fayan garmaho a Legas, ko a Yaba ne, ko Obalende, ko wajen 'yan'uwanmu masu jari-bola da ke kwaso kaya daga tsofaffin gidajen Surulere da Ebute Metta, ya san maganar da ake tarbar mai saye da ita: "Alhaji, wannan orijina ne, daga Amurka ya zo." Sau da yawa mai kayan ba cuta yake nufi ba, shi ma abin da aka gaya masa ke nan. Sai dai faifan What's Going On na mawaƙin Amurka Marvin Gaye ya haura shekara 50 ana buga shi ana sakewa, a ƙasashe da yawa, da hannaye daban-daban, har ma da haɗin sauti iri biyu. Kalmar orijina ita kaɗai ba ta gaya maka abin da kunnenka zai ji in ka koma gida.

Faifan ya fito ranar 21 ga Mayu, 1971, ƙarƙashin tambarin Tamla, wani reshe na kamfanin Motown da ke Detroit a lokacin, da lamba TS 310. Waƙoƙi 9 ne a ciki, minti 35 da 'yan kai. Gefen farko yana ɗauke da 6, kusan minti 19 da rabi, gefe na biyu kuma 3, minti 16. Renaldo Benson na ƙungiyar Four Tops ne ya kawo tushen waƙar farko tare da Al Cleveland, Marvin ya sake mata fasali. A lokacin ƙaninsa Frankie ya dawo daga yaƙin Biyetnam da labarai marasa daɗin ji, abokiyar waƙarsa Tammi Terrell kuma ta rasu a watan Maris na 1970. Shi ya sa faifan ya fito kamar zancen mutum guda da ya dawo gida yana zagaya unguwa yana tambayar abin da ya sami mutane: yaƙi, rashin aiki, shaye-shaye, makomar yara, gurɓacewar ruwa da iska, haraji da tsadar rayuwa.

Abin da ya kamata mai saye ya riƙe tun daga nan shi ne, faifan zare ɗaya ne. Daga "What's Happening Brother" har zuwa ƙarshen "Mercy Mercy Me" kiɗan ba ya tsayawa, kowace waƙa tana zuba cikin mai bi mata kamar yadda makaɗin fada kan fita daga wani taken ya shiga wani ba tare da ya ajiye gula ba. A ƙarshen gefe na biyu kuma, bayan "Inner City Blues" ta lafa, sai waƙar farko ta sake leƙowa a hankali, faifan ya koma inda ya faro. A ganina da wannan ma'aunin ake auna kowane bugu: wanda ya tsinke zaren, ko ya ɓata waɗannan wurare biyu na ƙarshen gefe, ya rage maka wani abu, komai tsadarsa.

Wannan ne faifan farko da Motown ya rubuta sunayen makaɗansa na ɗakin ɗaukar sauti a jikin kwali, waɗanda ake kira Funk Brothers. Sanin su yana da amfani wajen gwaji. James Jamerson ne ya kaɗa jitar bes a waƙoƙi 5 na farko, daga "Mercy Mercy Me" zuwa ƙarshe kuma Bob Babbitt ne. A kan faifai mai lafiya da na'ura mai kyau za ka ji lokacin da hannu ya canza: na Jamerson yana yawo yana tsalle tsakanin muryoyi, na Babbitt a "Inner City Blues" ya fi zama wuri guda yana maimaita kansa da nauyi. In duka biyun sun zame maka gurnani iri ɗaya, to akwai matsala a wani wuri, ko a faifan ko a sifika. Busar saksofon da ta buɗe faifan ta Eli Fontaine ce, ta cikin "Mercy Mercy Me" ta Wild Bill Moore, David Van De Pitte ne ya tsara gogen Turawa da sauran kayan busa. Hayaniyar gaishe-gaishen da ake ji a farko kuwa har da muryoyin Mel Farr da Lem Barney, 'yan wasan ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Detroit Lions, abokan Marvin.

Kafin babban faifai, ƙarami ne ya fara fita, mai juyi 45 a minti, a watan Janairun 1971, da lamba T 54201. An ɗauki waƙar tun Yunin 1970, ta yi watanni a ajiye saboda shugabannin kamfanin ba su gamsu da ita ba, da ta fita kuma ta kai mataki na 2 a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Wannan ƙaramin faifan ba yanki ne kawai na babban ba. Haɗinsa daban ne, na mono, wato sauti ɗaya a sifika biyu, ganguna sun fi matsowa gaba, kuma a ƙarshe sautin kan yi kamar zai ɓace sai ya dawo da ƙarfi. "God Is Love" da ke bayansa ɗauka ce ta daban, ta fi tafiya a hankali kuma ta fi tsawo, alhali ta cikin babban faifai ba ta kai minti 2 ba. Haka nan bayan ƙaramin faifan "Mercy Mercy Me" akwai "Sad Tomorrows", wadda ita ce siffar farko ta "Flyin' High". Saboda haka wanda ya ci karo da waɗannan ƙananan a cikin kwalin gwanjo kada ya ce ai yana da su a babba. Abu biyu dai zai kula da su. Ramin tsakiyar na Amurka babba ne, milimita 38, sai da 'yar robar cikewa. Sannan da yawa daga cikinsu ba da ledar faifai ta ainihi aka yi su ba, da wata roba ce mai gautsi wadda allura mai nauyi ke cinyewa da wuri. Ana gane ta da rashin nauyi, da ƙarar ƙwal in ka ɗan ƙwanƙwasa gefenta da farce, da takardar tambarin da aka manna da gam a sama maimakon a narke ta cikin jiki.

Yanzu ga inda mutane suka fi ruɗewa. An ɗauki sauran waƙoƙin a Detroit a watan Maris na 1971, aka kammala haɗa sautin ranar 5 ga Afrilu. Wannan shi ake kira haɗin Detroit. Marvin yana Los Angeles a lokacin yana aikin fim, bai gamsu ba, sai aka kai masa tef ɗin can, ya ƙara muryoyi da wasu kayan kiɗa a ɗakin Sound Factory, aka sake haɗawa a watan Mayu. Wannan na biyun ne ya fita kasuwa, shi ne duniya ta sani. Haɗin Detroit ya zauna a ma'ajiya shekara 30.

Bambancinsu a kunne ba ƙarami ba ne. Marvin yana rera waƙoƙin da murya biyu a lokaci guda, ɗaya tana jan baiti ɗaya tana amsawa ko tana bi ta sama. Asalin dabarar ma kuskure ne: injiniyoyi sun ba shi ɗauka biyu don ya zaɓi ɗaya, aka kunna su tare, ya ce a bar su haka. A haɗin Detroit an raba muryoyin nan, ɗaya ta fi karkata hagu ɗaya dama, kiɗan ya fi bushewa, kana jin kowane makaɗi a mazauninsa kamar kana zaune a ɗakin. A haɗin Los Angeles an jawo muryoyin tsakiya an saƙa su, an ƙara amsa-kuwwa, komai ya narke cikin juna. Hanya mafi sauƙi ta tantancewa ita ce ƙarshen "Mercy Mercy Me": wannan sautin mai duhu kamar na taron mawaƙa daga nesa, wanda ke rufe gefen farko, da na'urar Mellotron aka yi shi, kuma a Los Angeles aka ƙara shi. Ni dai ina ganin haɗin da ya fita a 1971 shi ne faifan, domin shi mai aikin ya sa wa hannu. Na Detroit na wanda ya riga ya haddace na farkon ne yana son ya ga yadda aka gina shi. Makaɗa, musamman masu koyon bes da ganga, su ne za su fi ƙaruwa da shi.

To in faifai yana hannunka a kasuwa, me za ka duba? Bugun Amurka na farko kwalinsa mai buɗewa ne kamar littafi. A gaba hoton fuskar Marvin ne da rigar ruwa baƙa, ruwan sama a kansa, Jim Hendin ne ya ɗauka. A ciki akwai baitocin waƙoƙin a rubuce, da sunayen makaɗa, da tarin hotunan iyali. Takardar tsakiyar faifan ruwan ɗorawa ce, da sunan Tamla a sama. Juya bayan kwalin: in ka ga zanen layukan nan na farashi da ake haskawa a kanti, ba na 1971 ba ne, domin sai ƙarshen shekarun 1970 aka fara sa su a kan faya-fayai. In ka ga sunan MCA, ko PolyGram, ko Universal cikin ƙananan rubutu, bugun baya ne: Berry Gordy, wanda ya kafa Motown, ya sayar da shi a 1988, PolyGram ya saye shi a 1993, daga baya ya koma hannun Universal. Shi kansa kamfanin ya bar Detroit ya koma Los Angeles a 1972, don haka adireshin kamfani na can alama ce ta cewa an buga bayan ƙaura.

Kada ka tsaya a kwali. A gwanjo ana yawan samun kwalin wani bugu da faifan wani, wani lokaci ma faifan wani mawaƙin dabam. Zaro shi ka karanta takardar tsakiya a gefe biyun. Sannan ka karkata shi a haske ka duba filin nan mai santsi tsakanin waƙar ƙarshe da takarda. A nan ake karce ko a buga lambar uwar faifan da aka yi bugun da ita, da alamar masana'anta, wani lokaci da haruffan sunan wanda ya yanka. Motown ba masana'anta ɗaya yake ba aiki ba, kuma cikin waɗanda suka buga masa akwai na RCA, masu sa harafi guda: I na Indianapolis, H na Hollywood, R na Rockaway. Ka kwafe duk abin da ka gani a filin nan harafi da harafi ka nema a shafin intanet na Discogs, can ne masu tara faifai suka jera bugu-bugun da hotunansu. Minti 5 ne aikin, a tsaye a gaban mai kaya, kuma ya fi duk wata rantsuwa.

Rashin nauyi kada ya tsorata ka. A farkon shekarun 1970 RCA yana buga faifai siriri mai lanƙwasuwa da ya sa wa suna Dynaflex, saboda haka na asali yana iya zama sakayau a hannu, na jiya-jiya kuma ya zo da nauyin giram 180. Nauyi ba ya ƙara zurfin tsagi ko kyan sauti. Abin da ya fi shi ne daga wane tef aka yanko, kuma wa ya yanka.

A Ingila faifan ya fito da tambarin Tamla Motown, baƙar takarda da rubutun azurfa, lamba STML 11190, ta hannun kamfanin faya-fayai na EMI. Tunda a wancan lokacin EMI yana da reshe a nan Legas, har da ɗakin ɗaukar sauti a titin Wharf da ke Apapa, kuma hanyar kaya da ta ɗalibai a wancan zamani ta fi bi ta Landan, ba abin mamaki ba ne ka riƙa cin karo da na Ingila. Garin nan dama ya sha kiɗan soul ya ƙoshi tun kafin faifan ya fito: Geraldo Pino, mawaƙi ɗan Saliyo, ya riga ya girgiza gidajen rawa, James Brown ya zo da kansa a Disambar 1970. Bugun Ingila yakan zo da leda mai tsabta, ba ta cika ƙaras-ƙaras ba. Rauninsa shi ne, bisa al'adar lokacin kwafin tef ake aikawa ƙasashen waje, uwar tana zaune a Amurka, kuma kowane kwafi yakan rage ɗan haske a sama ya ƙara ɗan huci. Duk da haka na Ingila mai lafiya ya fi na Amurka da allura ta cinye, nesa ba kusa ba.

Bugu-bugun baya suna da yawa, amma kaɗan ne ke da labari. A 2001 aka fitar da CD biyu a haɗe, kuma a nan ne haɗin Detroit ya fara fitowa fili, tare da ƙananan faya-fayan mono da wasan da Marvin ya yi a zauren Kennedy Center da ke Washington ranar 1 ga Mayu, 1972. In mutum abu ɗaya zai saya don ya san tarihin faifan duka, wannan ne. A 2011, cikar shekara 40, aka yi akwati mai CD biyu da faifan garmaho guda, wanda ya ɗauki haɗin Detroit. A kula da wannan: in faifan ya rabu da akwatinsa ya faɗo gwanjo, mai saye zai ɗauka wanda ya sani ne, sai ya je gida ya ji muryoyi a rabe ya zaci na'urarsa ce ta lalace. Wasan Kennedy Center kuma ya fito shi kaɗai a 2019.

Kamfanin Mobile Fidelity ya yi nasa a 2008, ya sake yin wani mai tsada a 2019 a kan faifai biyu masu juyi 45. Juyi 45 yana ba sauti fili, gaskiya ne, amma gefe ɗaya ba ya ɗaukar minti 19 a wannan gudun, dole aka raba gefen farko gida biyu. Kana tsakiyar zaren sai ka tashi ka juya faifai. A wani aikin ba komai, a wannan kuwa asara ce babba. A 2022 kuma ta bayyana cewa kamfanin yana bi ta kwafin kwamfuta kafin yanka a yawancin bugunsa na shekarun nan, abin da ya ɓata wa masu saye rai saboda ba haka suka fahimta ba. Bugun cikar shekara 50, wanda ba na Mobile Fidelity ba ne, mai faifai biyu, wanda ya iso kasuwa a 2022, Kevin Gray ne ya yanka na Amurka kai tsaye daga tef, yana juyi 33 da sulusi, gefen farko a cike ba a tsinke ba. Alamarsa a filin santsi ita ce KPG@CA. Wanda aka buga don kasuwar Turai kwalinsa kusan iri ɗaya ne amma yankan wani ne, saboda haka in ɗan'uwa zai taho maka da shi daga waje, ka ce ya duba alamar, kada ya tsaya a hoton kwali.

Mafi yawanmu dai a waya za mu ji shi, kuma nan ma zaren yana tsinkewa. Tsarin MP3 yakan ƙara ɗan shiru a farko da ƙarshen kowace waƙa, ƙasa da daƙiƙa ɗaya, amma ya isa ya sa ka ji tuntuɓe tsakanin "Save the Children" da "God Is Love". In masu tura waƙa a kati ne suka zuba maka, sau da yawa ma jerin a hargitse yake. Ka sa lamba 01 zuwa 09 a gaban sunayen, ka kashe zaɓin gauraya waƙoƙi, ka kashe wanda ke narkar da ƙarshen wata cikin farkon wata, ka kunna wanda ke bin waƙoƙi ba tazara. Mai kwafa a CD kuma ya zaɓi a ƙona faifan gaba ɗaya a zama guda, in ba haka ba manhajar za ta cusa shirun daƙiƙa 2 tsakanin kowace waƙa. A manhajojin sauraro ta intanet haɗin Detroit yana nan da sunansa daban, ka duba wanda ka danna.

Mu koma kasuwa, domin a Legas lafiyar faifai ta fi shekararsa muhimmanci. Kunna tocilan ɗin waya ka haska a karkace. Ƙananan zane marasa zurfi da takarda ta yi ba sa cika yin ƙara. Wanda farcenka ya ji in ka shafa a hankali, allura ma za ta ji shi, ƙas, a kowane juyi. Mafi muni shi ne tsagin da ya koma toka-toka maimakon baƙi mai sheƙi. Wannan aikin tsohuwar allura ce mai nauyi, irin ta manyan rediyogiram na falo, ta riga ta ci bangon tsagin, babu wankin da zai dawo da shi. Ka fi zuba ido a santimita 3 na ƙarshe kusa da takarda, domin can ne lalacewa ke farawa, kuma can ne "Mercy Mercy Me" da rufewar "Inner City Blues" suke zaune. Dubi bakin ramin tsakiya: yawan zane-zane a kewayensa yana nuna yawan sawa da cirewa. Ɗaga faifan daidai idonka ka juya shi ka ga ko ya kantare. Shinshina kwalin. In ciki ya manne saboda laima kada ka ɓamɓare da ƙarfi, hotunan za su biyo hannunka. In mai kaya yana da na'ura, ce masa, "Malam, a sa mana waƙar ƙarshe ta gefen farko," ba ta farko ba. A faifai, ji ne ke korar gani.

Fumfuna da datti kuwa suna wankuwa, kuma su ne rabin ƙarar da mutane ke ɗora wa tsufa. A kwalba mai tsabta ka haɗa mililita 400 na tataccen ruwa da mililita 100 na sinadarin isopropyl mai ƙarfin kashi 99, da ɗigo ɗaya tak na sabulun wanke kwanuka mara turare. Tataccen ruwan shi ne wanda ake ƙara wa batirin mota, amma ka faɗa wa mai shago a fili cewa ba mai asid kake so ba, domin duka biyun ruwan batir ake ce musu. Ruwan burtsatse da fiya-wata suna da gishiri da ƙarfe, in sun bushe sai su bar farin ɓurɓushi a tsagi, ƙarar ta fi ta da. Sifirit mai launi na kemis yana barin saura, fetur da kananzir kuwa suna cin ledar. Shimfiɗa faifan a kan tawul, rufe takardar tsakiya da murfin kofi, zuba kaɗan, bi da buroshi mai laushi ta yadda tsagin ya kewaya, ba a gicciye ba. Bar shi minti 2, ɗauraye da tataccen ruwa zalla, tsane da ƙyalle mara gashi, jingine shi a tsaye a inuwa kamar minti 30. Kada ka mayar da shi tsohuwar takardarsa, fumfunar tana can tana jira. Wannan haɗin na faifai mai juyi 33 da 45 ne kawai. Tsofaffin masu juyi 78 sinadarin narkar da su yake yi.

Ajiya a tsaye ake yi, ba a jibge ba, a kan kanta da ta ɗaga daga ƙasa, nesa da bangon da ke tsatsafar ruwa da damina. Gara da kyankyaso suna son gam ɗin kwali. Jakar leda mai kauri mai ƙyalli, mai warin sabuwar tabarmar roba, kada ta kusanci faifai: cikin zafinmu tana fitar da wani tururi da ke bin kwali ya dusashe fuskar faifan, ya bar huci na dindindin. Siririyar leda mara wari ita ce daidai, a bar bakinta a buɗe don iska, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan laima a kantar. Kuma kada faifai ya yini a mota a cunkoson gadar Third Mainland, ko da a ƙarƙashin kujera ne.

Saura na'ura. Wutar Najeriya bolt 230 ce mai bugawa 50 a daƙiƙa, ta Amurka bolt 120 mai bugawa 60. Garmahon tokumbo da aka yi don Amurka yana buƙatar taransifoma mai rage wuta, kowa ya san wannan. Abin da ba a cika sani ba shi ne taransifoma ba ta canza bugawar. In motar garmahon irin mai bin bugawar wuta ce, za ta yi juyi kusan 28 maimakon 33 da sulusi, gefen farko ya kai minti 23, muryar Marvin ta yi ƙasa ta yi kauri kamar ta wani. Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki: manna 'yar takarda a bakin farantin, ƙirga juyi, dole ya zama 100 cif a minti 3. Maganin shi ne canza ɗan gargaren da ke kan motar zuwa na bugawa 50, ko a nemi garmaho mai sarrafa gudunsa da kansa, irin Technics SL-1200 MK2, wanda bugawar wuta ba ta dame shi ba. Ƙaramin janareta ma yana hawa yana sauka duk lokacin da firji ya tashi, sai ka ji gogen "Wholy Holy" yana rangaji. Inbata mai tsabtar wuta ta fi, mai araha kuwa takan shigo da zizar ƙuda cikin sifika. In gudun ya ragu alhali wuta lafiya, bel ne ya saki saboda zafi, a canza shi. Gunji mai kauri da ba ya tsayawa kuma yawanci siririyar wayar ƙasa ce ba a ɗaure a bayan amfilifaya ba. In sautin ya fito siriri ba bes, an sa wayar a ramin da ba na garmaho ba, ka nemi wanda aka rubuta wa phono.

Allura ita ce ke taɓa faifan, ita ce kuma ake yi wa rowa. A bakin faifai tsagin yana wucewa ƙarƙashinta da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, a kusa da takarda kuwa kusan 21, ga shi sautin da za ta karanta bai ragu ba. Shi ya sa waƙar ƙarshe ta fi wahalar bi, shi ya sa kuma a nan ne harafin s ke fara tsartuwa. Kan allura irin Audio-Technica VM95E nauyin giram 2 yake so, kamfanin kuma ya ƙiyasta wa bakinta awa 300, wato sauraron wannan faifan sau 500 da ɗoriya. Ka auna nauyin da ɗan sikelin lantarki, a daidai tsayin da faifai ke zama. Ɗora kwabo a kan hannun don hana tsalle yana kashe faifai, rage nauyi fiye da ƙa'ida ma haka, domin allurar tana karkarwa ne tana dukan bangon tsagi.

In ka wanke faifan, ka daidaita gudu da nauyi, sa minti ɗaya na ƙarshen gefe na biyu, inda fiyano ya rage shi da murya kafin ganguna su tafi da faifan. In muryar ta fito a tsakiya sumul, an gama. In tsartuwar tana fitowa ta sifika ɗaya kawai, ɗan maɓallin da ke hana hannu zamewa ciki ne bai daidaita ba, sa shi a lamba ɗaya da nauyin allura ka sake ji. In ta sifika biyu ce, sassauta kusoshi biyun da ke riƙe da kan allurar, daidaita shi da takardar awon zaman allura mai ɗigo biyu har jikinsa ya yi daidai da layukan a kowane ɗigo, sannan ka ɗaure. In duk da haka ba ta daina ba, gwada wani faifan da ka tabbatar da lafiyarsa a daidai wannan wuri: in shi ya fito tsab, tsagin naka ne ya ci, sai neman wani kwafin.